In Kwamfuta Ta Ƙi Mutuwa Daga Nesa

Kwamfutoci biyu a gida ɗaya suna iya magana da juna. Har ɗaya tana iya kashe ɗayar daga wani ɗaki. A Windows, sunan umarnin shutdown.

Wani lokaci sai ta ƙi mutuwa. To, a duba abubuwa 4:

1. Duka biyun suna haɗe da rauta ɗaya? Rauta ita ce akwatin da ke haɗa su.
2. An rubuta sunan kwamfutar daidai? Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana.
3. Mai ba da umarnin yana da izini da kalmar sirri?
4. Katangar tsaro ta tare saƙon? A buɗe ƙofar raba fayil kawai, kada a rushe katangar.

Kafin a kashe, a tambayi mai aiki da ita. Rubutun da bai adana ba yana iya ɓacewa.