Goma Sha Biyar da Hatimi Mai Gida Tara

A ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, almajirin da ya daɗe a gaban malamin zaure da wuya a ce bai taɓa ganin hatimi mai gida tara ba. Layi uku ne, kowane da gida uku: na sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Batun asirin da ake jingina masa na wasu ne. Abin da ya shafi malamin lissafi shi ne dalilin da ya sa jimlar ba ta kuskure.

Ita 15 mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai. Abin da ke raba ta ba saura shi ne 1, 3, 5 da ita kanta. Har wa yau ita ce jimlar 1, 2, 3, 4 da 5. Bahaushe ya ce goma sha biyar, Rumawa suka rubuta XV, kwamfuta kuwa 1111, watau 8 da 4 da 2 da 1. Malamin zaure a hisabin abajada yakan sa harafin ya, mai daraja 10, da ha babba, mai daraja 5.

To, me ya kawo 15 cikin hatimin? Daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45 ce, layi uku kuwa suka raba ta daidai, kowane ya tashi da 15. Zaman 5 a tsakiya ma tilas ne. Layi huɗu ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wannan 45 ke nan, amma na tsakiya sun ƙara taka shi sau uku. Rarar 15 in aka kasa ta uku, sai 5.

Sauran gidajen ma ba zaɓi. Hanya takwas kaɗai ake haɗa 15 da alƙaluma uku dabam-dabam daga cikin taran, layukan hatimin kuwa takwas ne cif. Gidan kusurwa layi uku ke bi ta kansa, alƙaluman da suka fito sau uku cikin hanyoyin nan kuwa su ne 2, 4, 6 da 8. A abajada su ne ba, dal, wau da ha ƙarami, daga nan sunan Buduhu ya samo asali. Ashe hatimin guda ɗaya ne tak, sai dai a juya shi ko a kifa.

Wannan fanni yana da gwani ɗan ƙasa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin cika hatimi mai layi mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙa'idar jimla ɗaya ce ga kowane girma: mai gida 25 jimlarsa 325, a kasa biyar, kowane layi 65.

Abin takaici, ɗalibin kwalejin horon malamai yakan sadu da hatimin nan a littafin Turanci kamar baƙo daga ƙetare. Yaron da ya fito tsangaya ya san zubinsa bai san dalilinsa ba, malamin aji kuwa ya san haɗawa da rabawa bai san sunan Buduhu ba. In malami ya zana gidajen tara a allo, ya sa 5 a kusurwa, ya ce yara su cika sauran, za su yi ta fama har su gano da kansu ba ya yiwuwa.