Aikin garka ba ya jiran a ƙare kaka

In watan Oktoba ya kama, ruwan sama ya ɗauke, hankalin manomi yana ga yankan hatsi. Amma a kwarin Magiya, inda albasar Galmi ta yi suna, mai garka ya san cikin waɗannan kwanaki ake yaɗa iri. Irin albasa yana yin wajen kwana 45 kahin ya isa dashe. Wanda ya makara, zahin bazara zai tarad da albasarsa ba ta ƙosa ba.

Kahin iri, sai rijiya. Damana ta cika ta da rairai, tilas a yashe ta, a gyara bakinta. Taki kuwa ruɓaɓɓe za a zuba. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona tsiro, yana kuma kawo haki.

Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tsaya tsayin daka kan noman rani, garake suka yawaita. Shinge ne har yanzu ake wa sakaci. Ga kara nan birjik a gona. A ɗaure darni tun hukuma ba ta sanar da ranar sakin gonaki ba, don shanu na iya cinye aikin wata biyu cikin dare guda.