Fari a Gonar Bature

Na tashi ina jin kakata tana ba da labarin farin 1973, yadda shanu suka riƙa kwanciya a bakin busasshen tafki ba su ƙara tashi ba. Shi ya sa da na fara karanta labaran ƙirƙira na harshen Afirkans, a fassara, ban ji baƙunta ba. Wannan harshe na Afirka ta Kudu ya samo asali ne daga yaren Holan, kuma a 1925 aka mai da shi harshen hukuma.

Marubutansa na da wani nau'in labari da suke kira plaasroman, wato labarin gona. Jigonsa shi ne C. M. van den Heever, wanda a 1930 ya fitar da Droogte, ma'ana fari. Labarin wasu 'yan'uwa ne maza da suka gaji gona. Sama ta ƙi zubo ruwa, dabbobi na mutuwa, sai gaba ta shiga tsakaninsu, zumunci ya bushe tare da ƙasa. Mutumin ya san abin da yake rubutawa: manomi ya wayi gari yana duban gabas, hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ba a jima ba kuwa babban farin 1932 zuwa 1933 ya afka wa ƙasar, Turawa manoma da dama suka bar gonaki suka nufi birane hannu rabbana. A 1932 ɗin ne kwamitin Carnegie ya fitar da rahotonsa kan talaucin Turawan ƙasar.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wa yake kiwon tumakin nan? Wa yake haƙa rijiyar? Baƙaƙen fata ne, waɗanda dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu. Farin da ya karya mai gona su ya fara kayarwa, domin ba su da rumbu, ba su da bankin da zai ba su rance. Amma a yawancin tsofaffin littattafan sai ka gan su kamar inuwa a bayan gida, yunwarsu ba ta samu ko shafi guda ba. J. M. Coetzee ya tono wannan shirun a littafinsa na nazari, White Writing, a 1988.

Littafin da ya fi kama ni shi ne Toorberg na Etienne van Heerden, na 1986. A yankin Karu mai ƙarancin ruwa, iyalin Moolman sun dage da haƙa rijiyar burtsatse ɗaya bayan ɗaya, ruwan ƙasa na ta ja da baya. Wani yaro ya faɗa cikin ramin haƙar, ya rasu. Majistare ya zo bincike, matattu ma suna ba da nasu bayani. A gefen gonar, kan wani fako, akwai wani reshe na dangin, jininsu ɗaya, amma an ware su saboda launin fata, ana kiran su dangin abin kunya. A nan marubucin ya ba su baki, suka yi magana.

Da na kai wurin da ake ƙoƙarin ciro yaron, sai na rufe littafin na ɗan jima. Rijiyar garinmu na tuna, da igiyar gugar da kakata ta ce kullum sai an ƙara mata tsawo a shekarar farin 1973.