Gyaran Maɓallin Tsohuwar Kwamfuta a Adjamé

Adjamé ita ce cibiyar kasuwancin birnin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa. A cikinta Roxy take, unguwar da ta yi suna wajen sayar da magunguna a bakin titi, kuma a cikinta ne ake da kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ake kira Black Market. Akwai Hausawa da yawa, galibi 'yan Nijar, da ke neman abinci a nan da kuma Treichville, can tsallaken gada. Wasunsu har yau suna riƙe da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, irin su ThinkPad ta kamfanin IBM, wadda ta fara fitowa a 1992. Kamfanin ya sayar wa Lenovo wannan sashe a 2005, kuma an daɗe da daina ƙera kayan gyaran waɗancan samfurori. Don haka idan maɓalli ɗaya ya mutu, mai ita ya shiga uku, musamman in lissafin bashinsa na cikinta.

Mai gyara ba ya fara ɓalle komai. Sai ya buɗe shafin rubutu ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa shi ne, a ƙarƙashin allon rubutu akwai siraran layukan wuta da aka shimfiɗa a tsaye da kwance kamar saƙa, kuma kowane layi yana hidimar maɓallai da dama. Idan biyar ko shida suka mutu tare, to layi ne ya katse, ko kuma faffaɗar wayar da ta haɗa allon da cikin kwamfuta ta yi sako-sako. Idan ɗaya tak ne, matsalar tana ƙarƙashinsa.

Maɓalli yana da hawa uku. Na sama shi ne murfin da harafi ke kai. Ƙarƙashinsa akwai 'yan ƙafafu biyu na roba da suka gitta juna kamar almakashi, su ne ke hana murfin karkacewa. A tsakiyarsu kuma akwai ɗan ƙoƙon roba mai taushi a kife. In aka danna, ƙoƙon ya lotsa ya haɗa fallen leda biyu, wuta ta wuce, harafi ya fito. In aka saki, ya koma yadda yake.

Bayan an kashe kwamfuta an cire batir, sai a sa farce ko bakin ƙaramin sukudireba a ɗaga murfin a hankali har ya yi ƙas. Nan ne wurin haɗari. Robar da ta shekara ashirin ta bushe, kuma ƙugiyoyinta ba su kai ƙwayar gero ba. Mai gaggawa yakan karya su, ya mai da ƙaramin aiki babba. Abin da aka fi samu a ciki shi ne ƙura, gashi, ɓarɓashin burodi, ko danƙon shayi da ya zube ya bushe. Ga kuma laimar Abijan, da ke sa ƙura ta daskare. A share da buroshi, a goge da auduga da ɗan sifirit, ban da ruwa. Idan ya bushe a mai da ƙafafun da hantsaki, a ɗora murfi a danna.

In ƙoƙon ya tsage ko ƙafa ta karye, sai a nemi matacciyar kwamfuta irinta a ciro. A nan wani abu kan rikita mutane. Yawancin kwamfutocin ƙasashe rainon Faransa tsarin AZERTY gare su, na Nijeriya da Gana kuwa QWERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, haka ma Z da W. Amma zanen da ke kan murfi ba shi ke fitar da harafi ba, manhajar kwamfuta ce. Ko murfin Q aka ɗora a gurbin A, harafin A ne zai fito. Ta wannan hanya ce masu rubutun Hausa ke samun ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda babu su a kan ko ɗaya daga tsare-tsaren biyu: a canja tsari a manhaja, sannan a manna 'yar takarda a kan murfin don tuni.