An Sallama, Ba a Biya Ba: Gwanjon Waya a Ƙetaren Gadar Kaduna

Shirinmu na musamman yau ya haye gadar Kaduna, ya nufi Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, inda cinikin gwanjo ya fara barin rumfa yana komawa cikin waya.

Da misalin ƙarfe takwas na dare, a wani ɗaki a Narayi, mai kaya ta fasa dila. Ta shimfiɗa farin zane a ƙasa, ta ɗora riga mai santsi, ta gyara mata wuya, ta ɗauki hoto ta jefa a zauren WhatsApp. Ta rubuta a ƙasa: daga dubu uku. Kafin ta gama goge riga ta biyu, tayi ya kai dubu biyar da ɗari biyar. Ta sallama. Wadda ta yi nasara ta turo saƙo: "Na ɗauka, Anti, a ajiye min." Haka ake yi har sha ɗayan dare, baya ya ƙage, cajin waya ya ƙare.

Washegari da azahar ta duba asusu. Waɗansu sun biya. Waɗansu shiru.

Duk mai wannan sana'a ya haddace abin da ke biyo baya. "Netwok ne, 'yar'uwa." "Sai albashi ya shigo." "An cire min kuɗin, bai iso ba?" Wata kuwa ta karanta saƙo, alama ta yi shuɗi, amma ko gaisuwa ba ta amsa ba. Rigar na nan a leda da sunanta a jiki, ba ta sayu ba, ba ta kuma saura a kasuwa ba.

Mai saye na ganin kwana biyar ba wani abu ba ne. Ga mai kaya kuwa jari ne ya kwanta. Kuɗi hannu ta sayi dilar, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni, farashin dila ya bi ta. Wanda aka riƙe wa kuɗi mako biyu yakan koma kasuwa ya tarar abin da ke hannunsa bai kai ba. A Kakuri, inda masaƙar KTL ta buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta tsaya a 2007, gidaje da yawa ba su da albashin kamfani da za su jingina da shi. Wannan ɗan jarin shi ne kuɗin makaranta, shi ne kuɗin cefane.

Bahaushe bai fara gwanjo da waya ba. A kasuwa ana tayawa, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya ce na sallama. Amma wannan kalma tana da masu gadinta: dillalin da zai karɓi la'ada yana tsaye, maƙwabtan rumfa sun ji, idan ba a cika kuɗi ba a bar kafin alƙalami, in rigima ta tashi a je gaban shugabannin kasuwa. Wanda ya taya ya gudu, gobe da wane ido zai ratsa layin? Waya ta ɗauko tayi da sallama, ta baro shaidu da kunya a kasuwa.

Manyan masu gwanjon intanet sun sha wannan wuya tun da daɗewa. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, ya ƙayyade wa mai saye kwana huɗu. Idan suka wuce bai biya ba, mai kaya ya soke cinikin, a kuma rubuta laifin a asusun mai sayen, ta yadda wasu masu kaya za su iya hana shi tayi. A nan gida ma, lokacin da Hukumar Kwastam ta buɗe gwanjonta na intanet a watan Yulin 2017, zamanin Kanar Hameed Ali mai ritaya, sai mai lambar haraji wanda ya biya Naira 1,000 ke iya tayi, kuma wanda ya ci bai biya cikin kwana biyar na aiki ba, a miƙa wa na biye da shi.

Abu biyu ne a nan, kuma mai gwanjon Narayi ba ta buƙatar lauya kafin ta kwaikwaya: wa'adin da aka rubuta kafin a fara tayi, da kuma sunan mai tayi na biyu. Masu kayan da suka goge sukan manna doka a saman zaure, cewa awa ashirin da huɗu ne, bayan nan kaya na wanda ke biye. Dokar da aka karanta jiya ba ta zama cin fuska yau. Wadda aka ƙirƙiro bayan an ɓata kuwa, ita ke raba zumunci, musamman da yake mai sayen sau da yawa 'yar coci ɗaya ce, ko 'yar Islamiyya ɗaya, ko matar abokin maigida.

Kafin alƙalami yana taimakawa, sai dai a faɗa tun farko ko za a mayar in ciniki ya warware. Malaman Malikiyya ba su yarda mai kaya ya cinye shi ba, Hambaliyya suka halatta. Haka kuma ba kullum mai saye ke da laifi ba. Akwai mai kayan da ke sa ƙawarta ta riƙa tayi don farashi ya hau, abin da fiƙihu ke kira najashu ya kuma haramta. Wadda ta gane an ingiza ta, ba abin mamaki ba ne ta janye.

Sai rigimar alat. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da kowa ya koma taransifa, kuɗi kan maƙale da gaske, 'yan damfara kuma suka sami mafaka a hoton rasit na bogi. Hoto ba kuɗi ba ne. Kaya ba ya fita sai mai shi ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin da idonsa. Idan kuma za a kai tashar Television a ba direba, zuwa Kafanchan ko Abuja, gajeren bidiyo kafin a ɗaure leda, da tabo da ɗinki duk a nuna, shi ke kashe maganar "ba ita ce a hoto ba".

Inda masu kaya suka fi cutar kansu shi ne lokacin fushi. Wani ya garzaya ofishin 'yan sanda, alhali sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kawai. Rasit na bogi damfara ne, wannan nasu ne, amma jinkirin biya ba nasu ba ne. Wata kuma ta ɗora hoton mai saye a Facebook ta rubuta ɓarauniya, sai mai bin dubu biyar ta wayi gari ana ƙararta kan ɓata suna. Abin takaici ne, domin hujjarta na hannunta tun farko: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan na'ura, har da saƙonnin waya, in an cika sharuɗɗansa.

Amma wa zai shiga kotu a kan riga? Mafi yawan rigingimun nan a zaure suke ƙarewa. Mai kaya ta tura tuni sau ɗaya cikin ladabi, wa'adi ya cika, ta cire sunan daga leda, ta kira mai tayi na biyu, ko da an sami ragin ɗari biyar. Wadda ta maimaita sau biyu a fitar da ita daga zaure ba hayaniya. Kafin la'asar ɗan aike ya ɗauki rigar zuwa Ungwan Romi, kuɗin kuma ya shiga lissafin dilar ranar Litinin.