Shan-inna da Tuntuɓen Alƙalami

Masu nazarin littattafan ajami sun san cewa kuskuren mai kwafa shi ke tona asalin littafi. In an sami kwafe biyu, ɗaya a Gwarzo ɗaya a Kabo, da tuntuɓen alƙalami iri ɗaya a wuri ɗaya, to uwarsu ɗaya ce.

Haka al'amarin yake ga ƙwayar cutar shan-inna. Jerin halittarta rubutu ne da haruffa huɗu kacal, kuma tana hayayyafa tana kuskure, wajen harafi ɗaya cikin ɗari a shekara. Masana kan karanta wani yanki mai haruffa kimanin 900, kwamfuta ta jera shi da na sauran, ta ƙidaya bambancin, ta fitar da salsala. Ta haka aka gane cewa ƙwayar da ta ɓulla a Indunisiya a 2005 tsatson arewacin Nijeriya ce, bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003.

A ganina, ɗalibin jami'a ya fara jera gajerun layuka biyu da fensir, ya ƙidaya sauyin da idonsa, kafin a sakar masa kwamfuta. In ba haka ba, kowace salsala na'ura ta zana masa zai karɓa, ko da samfurin gurɓatacce ne.