Ƙwallon Amurka: yadda sabon ɗan tsaro guda ke toshe wa masu gudu hanya

A ranar 31 ga watan Oktoba na 2022, ana tsakiyar kakar wasanni, ƙungiyar Baltimore Ravens ta gasar NFL ta karɓo ɗan wasa Roquan Smith daga Chicago Bears. A wasanni 8 da ta buga kafin zuwansa an zura mata maki 183, wato kusan 23 a kowane wasa. A wasanni 9 da suka biyo baya kuwa, maki 132 kawai aka ci ta, ƙasa da 15 ke nan a wasa. Ta kuma ƙare kakar tana ta uku cikin ƙungiyoyi 32 wajen hana abokan hamayya ci gaba ta hanyar gudu da ƙwallo.

Smith yana buga gurbin da Amurkawa ke kira lainbaka, wato mai tsayawa a bayan sahun farko na tsaro. Duk lokacin da wata ƙungiya ta ɗauko sabon lainbaka, abin da magoya baya ke fara tambaya shi ne ko zai iya tsayar da gudu. Labarin Baltimore ya nuna cewa mutum guda cikin 11 yana iya sauya abubuwa da yawa, ya kuma nuna inda ƙarfin nasa yake ƙarewa.

Me ya sa gudu ke da haɗari?

Ƙwallon Amurka ba irin wanda aka saba gani a filayen unguwa ba ne. Da hannu ake riƙe shi, kuma yanki ake ci. Tsawon filin yadi 100 ne, kimanin mita 91, ban da wuraren cin maki a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke kai hari tana da yunƙuri 4 don ta ci yadi 10. In ta ci, a sabunta mata wasu 4. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokiyar karawa.

Hanyoyin ci gaba biyu ne. Ko dai jagoran hari, wanda ake kira kwatabak, ya jefa ƙwallon ga wani, ko ya danƙa shi ga mai gudu ya kutsa cikin mutane. Jifa tana kawo yadi da yawa a lokaci guda, amma ana iya cafke ta. Gudu kuwa kaɗan-kaɗan ne, a ƙiyasi yadi 4 da ɗan wani abu a kowane yunƙuri, sai dai ba ya cika jawo asara, yana cin lokaci, yana kuma gajiyar da masu tsaro. Ƙungiyar da ba ta iya tsayar da gudu tana iya wuni a fili tana kallon agogo na ƙarewa, ƙwallo bai dawo hannunta ba.

Lissafin ƙofofi

Masu hari suna jera ƙatti 5 a gaba, kowanensu yana kaiwa kilo 140, aikinsu su ture masu tsaro su buɗe hanya. Tsakanin kowane ƙato da na kusa da shi akwai ƙofa, haka ma a gefen na ƙarshe ta dama da ta hagu. Ƙofofi 6 ke nan. Masu horarwa suna kiransu da haruffa: A su ne biyun da ke kusa da ɗan tsakiya, B na bi musu, C na waje. In aka ƙara mutum na shida a gefen sahun, ƙofofi sun zama 7.

Ka'idar tsaro ita ce kowace ƙofa ta samu mai ita. Ƙattin sahun gaba, 3 ko 4, suna riƙe wasu. Sauran suna wuyan lainbaka, waɗanda ke tsaye yadi 4 zuwa 5 a baya. Mai gudu ba ya buƙatar ƙofa biyu. In mutum ɗaya ya bar tasa, ko biyu suka faɗa ƙofa guda, shi ke nan hanya ta buɗe.

A ƴan shekarun nan lissafin ya ƙara tsauri. Saboda yawan jifa, ƙungiyoyi suna fitar da lainbaka ɗaya su saka ɗan baya mai sauri a madadinsa. Sau da yawa mutum 6 ne ke rage kusa da sahu suna gadin ƙofofi 7. A nan ne darajar lainbakan da zai iya lura da ƙofa biyu a lokaci guda take fitowa.

Ido kafin ƙafa

Abu na farko da gwanin lainbaka ke kawowa shi ne saurin gane inda aka dosa. Ɗan koyo ƙwallo yake kallo, shi ya sa ake yaudararsa. Gwani kuwa ƙattin nan biyu da ke dama da hagun ɗan tsakiya yake kallo. In suka zabura gaba a duƙe, gudu ne. In suka miƙe suka ja da baya, jifa ce. In ɗayansu ya bar wurinsa ya zagaya ta bayan ƴan uwansa zuwa wancan gefe, galibi can ƙwallon zai bi.

Duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa guda ake karanta shi. Dalilin gaggawar shi ne masu hari sukan haɗu su biyu a kan ƙato ɗaya na tsaro, su ture shi, sannan ɗayansu ya sake shi ya hau kan lainbaka. Smith tsawonsa mita 1,85 ne, nauyinsa bai kai kilo 110 ba. In ya jira mai kilo 140 ya iso gare shi ya kama masa ƙirji, an gama da shi. In kuwa ya riga shi motsawa, sai ya ratsa ƙofar tun ba a rufe ta ba, ya tari mai gudu a bakin sahu.

Abu na biyu shi ne kamu. Isa wurin ba ya wadatarwa, sai an kayar. Lainbaka na ƙwarai yana zuwa a duƙe, ya sa kafaɗa, ya naɗe ƙafafu ko ƙugu da hannu biyu, kuma yana tahowa ta ciki don kada mai gudu ya juyo ta bayansa. Masu kallon kokowa sun san cewa wanda ya fi yin ƙasa shi ke da iko da jikin abokin karawa. Lokacin da aka kawo Smith, shi ne kan gaba a duk gasar wajen yawan kamu.

Bambancin yana iya zama yadi 3 kacal, amma yana sauya wasa. Mai gudun da aka tsayar a yadi 2 ya bar ƙungiyarsa da sauran 8. Wanda ya ja mai tsaro har yadi 5 ya bar ta da sauran 5, kuma tana da zaɓin gudu ko jifa. In aka kai yunƙuri na uku da sauran tafiya mai nisa, kowa ya san jifa za a yi, sai masu farautar kwatabak su sako kansu ba tare da shakka ba.

Murya a tsakiyar fili

Abu na uku ba a cika ganinsa a talabijin ba. Tun daga 2008 dokar NFL ta yarda ɗan tsaro guda ya sa hular kwano mai rediyo, wadda ake ganewa da koren ɗigo a bayanta. Ta nan mai horarwa ke faɗa masa tsarin da za a bi. Ana katse layin idan ya rage daƙiƙa 15 a fara yunƙuri. Daga nan in masu hari suka sauya jeri, shi ne zai matsar da ƙattin gaba dama ko hagu, ya sake raba ƙofofi, ya tabbatar kowa ya ji.

Wannan aikin yana ɗaukar lokaci ga baƙo, domin kowace ƙungiya da kalmominta na sirri. Smith bai karɓi rediyon Baltimore ba sai a kakar 2023. Amma tun wasansa na farko, ranar 7 ga watan Nuwamba na 2022 a New Orleans, an ga alama: Baltimore ta yi nasara 27 da 13, kuma fitaccen mai gudun Saints, Alvin Kamara, yadi 30 kawai ya samu.

Wanda ya fi cin moriyar zuwan nasa shi ne abokin tsayuwarsa, Patrick Queen. Baltimore ta ɗauko Queen a 2020, matashi mai gudu kamar barewa, amma nauyin tsakiyar tsaro ya yi masa yawa, yakan yi jinkirin yanke shawara ko ya wuce gurbinsa. Da Smith ya ɗauki aikin karatu da tsarawa, sai Queen ya samu sakewa ya riƙa bin ƙwallo da saurinsa. A kakar 2023 an zaɓe shi cikin taurarin gasar. A shekarar ce kuma, ƙarƙashin mai horar da tsaro Mike Macdonald, Baltimore ta zama ƙungiyar da aka fi kasa ci, da maki 280 a wasanni 17. Ɗaukar mutum guda ta gyara gurbi biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Sai dai duk wannan ya dogara ne da ƙattin da ke gabansa. In suna riƙe mutum biyu-biyu, lainbaka yana yawo a sake. In ana ture su baya, a ƙafafunsa za su faɗo.

An ga hakan ranar 1 ga watan Janairu na 2023. Calais Campbell, dattijon sahun gaban Baltimore, yana jinyar gwiwa bai buga ba. Smith da Queen duka suna fili, amma Pittsburgh Steelers ta ci yadi 198 da gudu, Najee Harris shi kaɗai ya ɗauki 111, ta kuma yi nasara 16 da 13.

Tarihin ƙungiyar ma haka ya nuna. A kakar 2000 Baltimore ta bar wa abokan hamayya yadi 970 kacal na gudu a wasanni 16. Sunan lainbaka Ray Lewis aka fi ambata, amma a gabansa akwai ƙatti biyu, Tony Siragusa da Sam Adams, waɗanda ke hana kowa isa gare shi. Bayan tafiyarsu Lewis ya fito fili ya nemi a kawo masa irinsu, kuma a 2006 ƙungiyar ta ɗauko Haloti Ngata.

Shi ma Queen labarinsa ya ƙara tabbatar da batun. A watan Maris na 2024 ya koma Pittsburgh a kan kwantiragin shekara 3 na dala miliyan 41. Ranar 11 ga watan Janairu na 2025 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan kifa-ɗaya-kwala. Baltimore ta ci yadi 299 da gudu, Derrick Henry ya ɗauki 186, aka tashi 28 da 14. Pittsburgh ta sayi lainbaka mai suna, amma a ranar bai hana komai ba. Baltimore kuwa, wadda ta rasa shi, ita ce ta farko a kakar wajen hana gudu, da kimanin yadi 80 a kowane wasa.

Akwai kuma tarko. Lainbakan da ya cika ɗokin tsayar da gudu ana kama shi da dabara: kwatabak ya yi kamar ya miƙa ƙwallo, lainbaka ya zaburo gaba, sai a jefa ta saman kansa zuwa wurin da ya bari. Ƙungiyar da ta ɗauko mai ƙarfi marar haƙuri tana iya toshe ƙofa ɗaya ta buɗe babba.

Kuɗin da abin da ake saye da su

Don samun Smith, Baltimore ta ba Chicago ɗan wasa A.J. Klein da kuma damarta biyu, ta zagaye na biyu da ta na biyar, a zaɓen sabbin ƴan wasa daga jami'o'i na 2023. A watan Janairu na 2023 ta sa hannu da shi a kan shekara 5 da dala miliyan 100, kimanin miliyar 60 na CFA a canjin lokacin, kuɗin da ba a taɓa ba wani mai gurbinsa ba kafin nan. Shi da kansa ya yi cinikin, ba tare da wakili ba. A NFL kowace ƙungiya tana da iyakar albashin da ba za ta wuce ba, don haka abin da aka zuba wa mutum guda an rage shi ne daga wani gurbi. Chicago ta ga kuɗin sun yi yawa ga lainbaka, Baltimore ta ga sun dace.

Mai son ya gane ko sabon lainbaka ya yi amfani kada ya tsaya ga yawan kamunsa, domin ƙungiya mai rauni ma tana samar da mai kamu da yawa, tunda kullum ana isowa gare shi. Abin dubawa shi ne inda ake kamun: a bakin sahu ne ko bayan an ci yadi 7? A duba ko dogayen gudu na yadi 10 zuwa sama sun ragu, ko abokan hamayya suna yawan samun kansu a yunƙuri na uku da sauran nisa, da kuma ko na kusa da shi ya daina ruɗewa. In waɗannan sun gyaru, kuma ƙattin gaba suna da lafiya, to cinikin ya yi riba.